Hannun da Ya Tallafi Maijego

Mahaifiyata ba likita ba ce, ba kuma nas ba, ko da yake rabin layinmu Likita suke ce mata, ita kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Aikinta a asibiti shi ne ɗaura farin simintin nan da ake sa wa wanda ya karye. Likita zai ɗaga hoton ƙashi ya duba, ya ja, ya daidaita, sannan ya waiwaya ya ce, "A kira Mai Siminti." Da wannan sunan ta shiga asibitin tana budurwa, da shi ta fito da furfura. Mu a gida Inna muke ce mata.

Ni ce autarta, kuma in za a faɗi gaskiya ni ce abin kunyarta. Allah Ya zuba min tsoro kamar da bakin ƙwarya. Ina tsoron kyankyaso, ina tsoron kare ko yana ɗaure, ina tsoron jini ko na kaza ne, har yau kuma gara in hau bene da ƙafa ina haki da in shiga akwatin nan mai hawa da mutane sama. Inna takan ce gadon Baba ne, Allah Ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo saboda, in ji ta, shi kaɗai ne aikin da ya tabbatar ba zai cije shi ba. Yayana ya ɗauko zuciyarta, ni na ɗauko ta mai agogo.

A ɗakin siminti na yi rabin ƙuruciyata, don in an tashi daga makaranta babu kowa a gida. Ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, da gado mai shimfiɗar leda, da bahon ƙarfe, da kwalayen bandeji har rufi, da wani famfo da kullum magudanarsa a toshe take. Akwai kuma zarton lantarki na yanke siminti, wanda da an kunna shi nake shigewa ƙarƙashin tebur in toshe kunnuwa. Daga can ƙasa ƙafafun Inna kawai nake gani cikin takalmin roba, kuma ban taɓa ganin ƙafafun nan sun ja da baya ba, kome ihun da ake yi a sama.

Tana da doka guda wadda duk wanda ya koyi aiki a hannunta ya haddace. In an gama naɗi ta sa tafin hannu a ƙarƙashin karaya, ba ta cirewa sai simintin ya kama. Takan ce in ka saki da wuri ƙashin zai goce a ciki ba ka sani ba, ya warke a karkace, mutum ya yi ta ɗingishi yana ambaton sunanka har ya tsufa. Wani ƙato ya taɓa yi mata amai a kafaɗa, ba ta saki ba. Wata yarinya ta gartsa mata cizo a damtse, shatin haƙoran yana nan. Ranar da wayar wuta ta yi tartsatsi kowa ya yi ta kansa, an dawo an same ta da ƙafar wani tsoho a hannu, tana tambayarsa sunayen jikokinsa.

Ni abu ɗaya ta koya min a ɗakin, shi ma don na cika taɓe-taɓe ne. Ta kama hannuna ta ɗora a kan simintin da ta gama ɗaura wa wani.

"Me kika ji?"

"Ɗumi."

"To, wannan siriri ne. In ya yi kauri, ɗumin nan wuta yake zama. Ranar da na ga kin tsoma hannu a baho kina jira ya daskare, sai na karya ki na ɗaura miki da kaina."

Ban sake kusantar bahon ba.

Da ta yi ritaya ne muka gane ashe asibiti taimakonmu yake yi da yake riƙe ta. Inna ba ta iya zama ba. Ta ɗaura wa ƙafar kujera siminti, ta ɗaura wa tukunyar fulawa da ta tsage, ta kama kyanwar maƙwabta da ta faɗo daga katanga ta ɗaura mata. Yaya ya ce in na ga tana kallon ƙafata in yi maza in rufe. Ni lokacin ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta kusa da gida, kullum in na dawo sai na tarar da sabon abu fari fat a tsakar gida yana shan iska.

Wata rana da yamma wata mata ta yi sallama, siririya, rana ta ƙona ta, da takalmin maza duk ƙura. Ta ce daga jami'a take, ta je asibiti neman inda ake sayen bandejin siminti da yawa, sai aka ce mata in aikin siminti take so ta nemi tsohuwar da ta yi ritaya. Farfesa ce, kuma da haka kowa yake kiranta. Na kawo mata ruwa.

"Mama, ƙashi muke so ki ɗaure mana."

"Na waye?"

"Mai shi ya daɗe da mutuwa."

Kofin ya suɓuce daga hannuna. Inna ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ki yi haƙuri da ita, haka take."

Farfesa ta yi dariya ta ce ba mutum ba ne. Dainoso ne, irin manyan dabbobin nan da suka ƙare daga duniya tun ba a yi ɗan Adam ba, kuma wannan daga cikin masu dogon wuya ne, waɗanda raƙumin dawa ko jikansu bai kai ba. Wata katafila ce ta tono gefen ƙashin a tsohon ramin fasa dutse da ke bayan gari. Ƙashin ya zama dutse amma gautsi gare shi, in aka ɗaga shi haka nan marmashewa zai yi. Dole a naɗe shi da siminti tare da ƙasar da ke riƙe da shi, a ɗauke gaba ɗaya.

"Wato karaya ce dai," in ji Inna.

"Karaya ce, Mama, daga kai har wutsiya."

Na ga idon Inna ya yi wani haske da rabona da ganinsa tun tana aiki. Da matar ta tafi na yi ta masifa. Na ce mace mai jikoki ba ta shiga rami, na ce akwai macizai, na ce abin da Allah Ya binne da kansa wa ya aike mu tono shi. Ta bar ni na gama tas, sannan ta tambaye ni ko na ga inda ta ajiye takalminta na roba.

Haka ta fara bin motarsu kullum da safe. Takan dawo gira fari, gwiwa fari, tana cin abinci tana ba da labari kamar wadda ta dawo daga biki. Ni kuwa in ina aji waya ta yi ƙara, sai na yi salati kafin in duba. Na roƙi Yaya ya sa baki, ya ce ai shi tausayin dabbar yake ji. Da aka yi hutun makaranta Inna ta matsa sai na je na gaida Maijego. Wai sunan da ta raɗa wa abin ke nan. Na bi ta ne don kawai in ga wurin da idona, in san irin addu'ar da zan riƙa yi.

Ramin ya fi yadda nake zato muni. Faɗinsa ya kai filin ƙwallo, bangonsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, hanya ɗaya ce tak mai gangara ake bi a sauka. Babu bishiya, babu gida, sai wata na'ura mai tsatsa da kamfanin fasa dutsen ya bari. A can ƙasa suka kafa rumfar tamfol, da jarkokin ruwa, da buhunan siminti, da tarin katako. Mutanen ba su da yawa: Farfesa, leburori biyu, da direba. Ina sauka ina dafa bango, Inna tana gabana tana tafiya kamar a tsakar ɗakinta.

Galibin abin sun riga sun rufe shi, sai gefe ɗaya da Farfesa ta ɗage min tsumma in gani. Na ga wasu ƙasusuwa jere, kowane ya kai girman bokiti, sun lanƙwaso kamar rabin zobe. Ta ce wuyan ke nan. A cikin lanƙwasar kuma ga wasu 'yan ƙasusuwa sirara, wasu ba su fi yatsana ba, da wani ɗan kai mai ramin ido wanda zai zauna a tafin hannu. Tsikar jikina ta tashi, don ji na yi kamar yana kallona.

"'Ya'yan ke nan," in ji Inna, da irin muryar da ake yi a ɗakin mai barci.

Farfesa ta ce an daɗe ana ɗauka masu dogon wuyan nan binne ƙwai suke yi su kama gabansu, wanda ya ƙyanƙyashe ya yi ta kansa. Amma waɗannan sun ɗan tasa, ga su kuma a tattare cikin wuyan babba. Mai yiwuwa uwar ce ta zauna tare da su, mai yiwuwa kuma ruwa ne kawai ya kwaso su ya tara wuri guda. Ba za ta ce komai ba sai an kai ɗakin bincike an buɗe a hankali an ga yadda kowane ƙashi ya kwanta. Shi ya sa dole wuyan da 'ya'yan su fita a dunƙule ɗaya. In aka raba su, an ɓata shaidar.

"Ruwa ne ya tara su," in ji Inna, ta taɓe baki. "Ke dai ki yi bincikenki, 'yar nan. Ni na san mai jego in na gan ta."

Ga yadda aikin yake. Sun haƙa kwari kewaye da abin, zurfinsa ya kai ƙugu, faɗinsa bai fi a kwanta a gicciye ba. Sannan suka riƙa cin ƙasar da ke ƙarƙashi kaɗan-kaɗan, har dunƙulen ya tsaya kamar tebur mai ƙafa ɗaya, tebur da ya kai girman gado. Ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, a tsoma tsummokin buhu cikin kwaɓaɓɓen siminti a yi ta naɗawa. Saman kowa zai iya. Leɓen ƙasa ne mai wuya, inda sai an kwanta a cikin kwarin an cusa tsumma ta ƙarƙashi, kuma nan ne wurin Inna. Farfesa tana da tata dokar, na ji ta faɗe ta da kunnena a ranar: in aka ji ƙara, kowa ya janye hannu ya fito, ƙashi ba ya fin mutum. Inna ta ce ta ji.

Da rana ta take, ruwan kwaɓi ya kusa ƙarewa, direba ya kwashi jarkoki ya tafi gari. Na zauna a kan buhu a ƙarƙashin rumfa ina fifita da kwali, ina kallon ƙasa ko zan ga kunama. Inna ta kwaɓa baho guda cike, ta sauka da shi, ta tura shi can ƙarƙashin leɓen don hannunta ya riƙa kaiwa, ta kwanta a gefenta na hagu. Ina jin tana 'yar waƙarta.

Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar an taka busasshen kara. Farfesa ta ce, "Mama, fito!" Daga inda nake na hango wani ɓangare na ƙasan dunƙulen, daidai inda 'ya'yan suke, ya tsage yana saukowa a hankali. Na kuma ga hannun Inna na dama ya shige ƙarƙashinsa, tafi a buɗe. Ba shawara ta yi ba, na rantse. Hannun ne ya tafi da kansa, yadda ya saba tafiya tun ba a haife ni ba.

Sai ƙafar teburin ta rufta ta wannan gefen. Dunƙulen ya zauna da wani nishi, ya karkato, ƙura ta tashi. Na ji ƙarfen baho ya lotse.

Ban san lokacin da na isa bakin kwarin ba. Leɓen dutsen ya danne hannun Inna tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, sauran dunƙulen kuma ya sunkuyo a kan ƙirjinta, yana zubar da tsakuwa. Ba ta yi ihu ba, ni ce na yi mata. Leburorin suka ruga suka ɗauko wani dogon katako suka cusa a ƙarƙashi, suka rataya a ɗaya ƙarshen, Farfesa ta haɗu da su. Dutsen bai ɗagu ba, amma ya daina saukowa. Ɗaya daga cikinsu ya gwada sakin hannu ɗaya don ya jawo wani katakon, sai abin ya sake nishi, ya yi maza ya mayar.

"Kira direba!" in ji Farfesa. "Wayar tana aljihuna. Jak da sarƙar ɗaga kaya duk suna bayan motar."

Na zaro wayar daga aljihunta na kira shi. Direba ya ce yana layin ruwa a ɗaya ƙarshen gari, ga cunkoso, amma ga shi nan. Na san irin wannan ga shi nan ɗin. Farfesa ta ce za su riƙe har ya zo, Mama ta daure.

"Ba za a jira shi ba," in ji Inna. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar tana gaya wa likita abin da ta gani a hoto. "Bahon ya kife a kan hannuna. Yatsun suna cikin siminti."

Su ba su gane nan take ba. Ni na gane. Baho guda cur, a cikin rami, babu inda zafin zai fita.

"Ya fara ɗumi?" Ban san muryata ce ba.

"Ya fara."

Farfesa ta dube ni, ta dubi dunƙulen, gumi yana zuba daga haɓarta. Ta ce leɓen da ya danne hannun bai kai sauran kauri ba, in aka fasa shi zai ɓalle. Amma daga ciki za a fasa, a kwance, kuma su ukun babu mai iya sakin katakon. Sai ta zuba min ido. Na waiwaya bayana, wallahi na waiwaya, ko akwai wani da take nufi. Babu kowa a ramin nan sai ni da jarkar ruwan sha.

"Guduma da ƙarfen sassaƙa suna cikin bokitin can. Daidai inda na nuna miki ɗazu za ki sa."

"Wurin 'ya'yan?"

"Fasa, na ce!"

Mutane suna cewa wai a irin wannan lokacin tsoro yana gushewa. Ƙarya suke yi. Nawa ƙaruwa ya yi, har ina jin ɗacinsa a bakina. Na zauna a bakin kwarin na zura ƙafafu, ina kuka kamar ɗaya daga cikin yaran ajina, na sulale ciki. Wurin ya matse, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da na kwanta na ɗaga ido sai na ga cikin dutsen a saman fuskata, kusa ƙwarai, tsakuwa tana zubo min a ido.

"Auta, me kike yi a nan? Fita!"

"Ba zan fita ba."

"Ni kike gaya wa haka? Fita na ce, zai faɗo mana mu biyu!"

Ta sa hannunta na hagu ta ture ni da iya ƙarfinta, ta sa gwiwa ta tokare ni. Tun da nake ban taɓa ƙin bin maganarta ba, ko a kan gishirin miya. Na ɗora bakin ƙarfen a kan farin simintin da ta naɗa da hannunta, na ɗaga gudumar, na buga. Na kuskure, na sami babban yatsana. Na sake bugawa.

Inna ta iya aiki, wannan shi ne bala'in. Simintinta ya kama kamar ƙarfe, tsumma a kan tsumma, babu wata kafa. Ina bugu ina zaginsa a zuci. Da ta ga ba zan fita ba sai ta daina turi, ta zagayo da hannun hagun ta rufe min kai, ta danna fuskata a kafaɗarta.

"Inna, cire hannunki, ba na gani!"

"Yi a haka."

A haka na yi, ido ɗaya a waje. Daga sama ina jin leburorin suna nishi suna kiran sunan Allah, katakon yana ƙara kamar zai tsage. Farfesa tana cewa, "Hagu kaɗan. Nan. Ƙara." Simintin ya huje, ƙarfen ya shiga ƙasa mai laushi, sai na fara jin wani abu yana ruƙushewa a ƙarƙashin gudumar, ƙurus-ƙurus, 'yan gutsattsari masu ruwan ƙasa suna zubo min a wuya. Na san ko mene ne. Ban tsaya ba.

Jikin Inna ya fara rawa. Ban taɓa jin jikinta yana rawa ba, sai na ɗauka nawa ne. Numfashinta ya koma gajere-gajere, haƙoranta suna haɗuwa kusa da kunnena. Sannan ta yi wani sauti, siriri, daga can cikin maƙogwaro, irin wanda na sha ji daga ƙarƙashin tebur amma ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Auta, yana ci na," ta ce. "Yi sauri, 'yata."

Daga nan ban san yadda na yi ba. Na dai san na riƙe gudumar da hannu biyu na bar ƙarfen a cake, na yi ta dukansa ina ihu. Leɓen ya tsage, ya ɓalle, ya faɗo a kan cinyata. Na ture shi, na kama damtsen Inna na ja. Hannun ya fito a lanƙwashe ta inda bai kamata ba, a ƙarshensa kuma maimakon yatsu sai wani farin curi kamar tukunya. Na taɓa shi, na janye hannu ba shiri, zafinsa kamar murfin tukunyar da ke kan wuta.

Na ja ta muka rarrafa zuwa ƙarshen kwarin. Muna fita daga ƙarƙashi suka saki katakon, dunƙulen ya kwanta a daidai inda muka tashi, ƙasa ta girgiza. Farfesa ta diro ta karɓi gudumar, ta riƙa fasa curin a hankali daga gefe, ni ina tuttula ruwan sha a kai. Da ya buɗe na kawar da kai, ta yi maza ta naɗe hannun da ɗankwalinta. Leburorin suka ɗauki Inna a kan tamfol suka haura da ita, muka tsayar da wata tifa mai ɗaukar yashi a bakin titi. A hanya muka yi kiciɓis da direba yana tahowa da jak ɗinsa.

A asibitinta aka kwantar da ita. Aka shiga da ita tiyata, aka sake shiga, likitoci suna ta cewa sai an ga yadda naman zai yi. Sun yi wa Yaya bayani a ofis, ya fito ido ja, na ce kada ya gaya min. Ita ma ba ta tambayi kowa ba, su kuma da suka san ta babu wanda ya yi ƙarfin halin fara maganar. Tsofaffin abokan aikinta suka yi ta zuwa suna ce min jaruma, ni kuwa ji nake kamar in kwaɗa musu mari. Ko ƙarar cokali a faranti na ji sai na zabura.

Farfesa ta zo da kankana da lemo. Ta ce wuyan ya fita lafiya. 'Ya'yan kuma sun tattara abin da ya samu a cikin 'yan robobi, ɗan kan nan ya tafi, sauran za a yi shekaru ana mannawa, kuma ko an manna ba za ta iya rantsuwa a kan yadda suka kwanta ba, sai dai hotunan da ta ɗauka. Na ce ta yafe min. Ta ce in na sake faɗin haka za mu ɓata. Inna ta ce laifinta ne, an ce ta fito ba ta fito ba. Kowacce ta juya tana kallon bango.

Ranar da za a buɗe hannun gaba ɗaya, aka tura ta a keke zuwa ɗakin wankin ciwo. Yaya ya tsaya a baranda, ni na juya zan bi shi, don kowa ya san ba a neman irina a wurin nan.

"Auta, tsaya."

Na tsaya. Nas ta fara warware bandejin, zagaye bayan zagaye, farin yana komawa rawaya. Inna, matar da ta ga ƙasusuwa a waje, ta ga ƙafar da mota ta niƙe ba ta ƙifta ido ba, sai ga ta ta juyar da fuska wajen taga ta runtse ido.

"Duba min," ta ce. "Ni tsoro nake ji."

Nas ta ɗage audugar ƙarshe. Ɗakin ya yi min duhu-duhu, na dafa ƙarfen keken. Amma na duba, na duba sosai, don kada in faɗa mata abin da ba shi ba.

"Babban yatsa yana nan, Inna. Da manuni."

"Sauran fa?"

"Babu."

Ta gyaɗa kai a hankali, idon a rufe. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinta, ba ta share ba.

"To," ta ce. "Ki ce ta rufe kafin yayanki ya shigo. Shi ba zai iya gani ba."